Shekara Goma Sha Takwas a Gaban Injin Saƙa: Nazarin Sallamar Wani Ma'aikaci a Garwa

Mutumin da wannan nazari ya shafa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, kuma sai da na nemi izininsa kafin in ɗauki alƙalami. Ya amince bisa sharaɗi biyu: kada in ambaci sunansa, kada kuma in ambaci masana'antar da ya yi wa aiki, domin a cewarsa ya ci arzikin mutanen shekara goma sha takwas, ba zai so a ce da bakinsa aka tozarta su ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ba babbar masaƙar gwamnati ba ce da kowa ya sani a Garwa. Ƙaramar masana'anta ce ta 'yan kasuwa, wadda ke sayen zare ta saƙa singileti da tawul da rigunan motsa jiki na 'yan makaranta, kuma ko a lokacin da take ganiyarta ma'aikatanta ba su kai ɗari ba. Kawu ya shige ta yana da shekara 29 a matsayin mai ɗora zare, ya fito yana da 47, a lokacin ya zama shi ake kira idan allurar inji ta karye ko saƙa ta fara tsallake. Albashinsa na ƙarshe, har da ƙarin daɗewa a aiki, sefa 95,000 ne a wata, wato ya ɗara mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kamaru ta tsayar wa irin wannan fanni a 2023, wanda shi ne sefa 60,000. A kan wannan kuɗi mutum tara suke rayuwa: shi, da matarsa, da 'ya'ya shida, da kakarmu. Gidan da suke ciki na gado ne, kuma wannan rashin biyan haya shi ne rufin asirin farko da ya hana lamarin ya zama abin kuka.

Ba dare ɗaya kasuwa ta juya wa masana'antar baya ba. Ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, sannan a farkon 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke sayar wa juna, daga nan kayan Asiya suka malalo kasuwannin duniya a farashin da ƙananan masaƙu ba za su iya tunkara ba. A gefe guda kuma ga gwanjo, wanda idan aka kwance dila ɗaya a kasuwa mai ƙaramin ƙarfi zai sayi riguna uku da kuɗin sabuwa ɗaya. A kan takarda, kayan sawa da aka gama sarrafawa a waje suna biyan kwastan kashi 30 cikin 100 bisa tsarin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ga kuma harajin kaya na kashi 19.25, amma duk wanda ya san iyakarmu da Najeriya ta wajen Mubi da Yola ya san ba kowane ƙunshi ne ke bi ta gaban tebur ba. Da Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023 darajarta ta faɗi warwas, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba, sai ya zama mai sefa a aljihu sarki ne a kasuwannin tsallake, kayan can kuma suka ƙara araha a nan. Kawu yana ƙara wani dalili da masu sharhi daga nesa kan manta da shi, wato wutar lantarki. Arewa ta dogara da madatsar ruwa ta Lagdo, idan ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, injin saƙa kuwa idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, abin da ke kansa ya lalace ke nan.

Abin da ya fi ci wa mutanen wannan yanki tuwo a ƙwarya shi ne auduga a ƙofar gidansu take. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke Garwa, yana saye daga manoman jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa, ya gurza, a loda a manyan motoci zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa ya kai Duwala, jirgin ruwa ya kwashe mafi yawanta zuwa Asiya, daga baya ta dawo mana a matsayin riga. Ita kanta babbar masaƙar CICAM, wadda aka kafa a 1965, mai kaɗi da saƙa a Garwa, mai rini da buga zane a Duwala, rahotannin tattalin arziki sun daɗe suna cewa kasonta a kasuwar atamfa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, har ya zama atamfar bikin ranar mata ta 8 ga Maris na cikin abubuwan da ke riƙe da ita. Idan babban icce ya girgiza haka, ba sai an tambayi halin da ƙananan da ke gindinsa suke ciki ba.

Matakin farko da masana'antar Kawu ta ɗauka shi ne abin da ma'aikata ke kira shomaj, wato a tsayar da aiki na ɗan lokaci ba tare da an raba gari ba. Doka ta yarda da wannan har tsawon wata shida, ta kuma tsara abin da za a riƙa ba ma'aikaci: rabin albashi a watan farko, kashi 40 a na biyu, 35 a na uku, 30 a na huɗu, 25 a na biyar, 20 a na shida. A aljihun Kawu wannan ya zama sefa 47,500, sai 38,000, sai 33,250, sai 28,500, sai 23,750, sai 19,000. Idan aka tara duka, albashin wata biyu ne aka shimfiɗa a kan wata shida. Wannan lokaci, a ganina, shi ne mafi cutarwa a dukan lamarin, ba don ƙarancin kuɗin kaɗai ba, sai don yadda yake ɗaure mutum: ba a kore shi ba balle ya nemi wata hanya da zuciya ɗaya, ba a kuma riƙe shi ba balle ya kwanta da kwanciyar hankali. Kawu ya ci gaba da tashi da asuba yana wanka kamar mai shirin fita, sai ya zauna a zaure da rediyo, kowane babur ya tsaya a ƙofar gida ya ɗauka ɗan aike ne daga wurin aiki. An yi masa tayin zama mai gadin wani rumbun hatsi a wata na uku, ya ƙi, yana tsoron kada a ce ya bar aiki da kansa ya rasa haƙƙinsa. A wannan wata shidan ne littafin bashi na mai shagon unguwa ya cika da sunansa.

Da wata shida suka cika ba a tayar da injuna ba, sai aka shiga matakin sallama saboda matsin tattalin arziki, wanda sashe na 40 na dokar ƙwadago ta 1992 ya yi bayaninsa. Dokar ta wajabta wa mai masana'anta ya zauna da wakilan ma'aikata, waɗanda ake kira delege, a gaban sufeton ƙwadago, a nemi duk wata dabara da za ta hana kora, kamar rage sa'o'in aiki ko karɓa-karɓa ko sake duba alawus, kuma tattaunawar ba za ta wuce kwana 30 ba. Idan kora ta zama dole, sai a tsara jerin sunaye bisa la'akari da ƙwarewa da daɗewa a aiki da nauyin iyali, wanda aka sallama kuma yana da fifikon a sake ɗaukarsa har shekara biyu idan gurbi irin nasa ya buɗe. A bisa waɗannan ma'aunai uku Kawu ne ya kamata ya zama na ƙarshen fita, amma jerin sunaye yana da amfani ne idan akwai waɗanda za su rage. A nan sashen saƙar gaba ɗaya aka rufe, masu wurin kuma suka mayar da ɗakin injuna ma'ajiyar kaya, suka koma sayo irin abin da suke saƙawa daga waje suna rarraba wa 'yan kasuwa. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin ɗan kasuwa inda riba take can yake bi, amma wannan ya mayar da fifikon shekara biyun nan alkawarin da babu ranar cika shi.

A zaman nan ne aka yi wata taƙaddama da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta nuna amfanin wakilai masu buɗaɗɗen ido. Kuɗin sallama ana lissafa shi ne da wani kaso na matsakaicin albashin wata goma sha biyun ƙarshe, a kan kowace shekarar aiki: kashi 20 cikin 100 a shekaru biyar na farko, 25 a biyar na biyu, 30 a biyar na uku, 35 daga ta 16 zuwa ta 20, sannan 40 daga ta 21 zuwa sama. Shekara 18 ta Kawu ta ba shi kashi 480, wato kusan albashin wata biyar. Akawun masana'antar ya zo da lissafin da ya sa watannin shomaj a cikin wata goma sha biyun, abin da ya sauko da matsakaicin albashin zuwa wajen sefa 63,300, kuɗin sallamar kuma zuwa 304,000. Ɗaya daga cikin wakilan, wani dattijo mai kula da tukunyar rini, ya ce ba za su sa hannu ba, domin ba ma'aikata ne suka tsayar da injuna ba, bai kamata a hukunta su sau biyu a kan abu ɗaya ba. Bayan zama uku aka amince a rubuce cewa da cikakken albashi za a yi lissafi. Kuɗin Kawu ya koma sefa 456,000, bambancin 152,000 ke nan, wanda da an yi shiru da ya tafi ba tare da kowa ya lura ba. Aka haɗa masa da 190,000 na wa'adin sanarwa na wata biyu, da ɗan abin da ya rage na hutunsa, aka biya shi kashi biyu, tsakaninsu wata uku.

Idan aka kwatanta da abin da ya sami ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta rufe a 2002 ta bar mutane shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu har da yawa suka riga mu gidan gaskiya, dole a ce Kawu ya taki sa'a. Amma sefa dubu ɗari shida da 'yan kai, a gidan mutum tara, kamar ruwa ne a kwando. Mai shago ya karɓi nasa, makaranta ta karɓi nata, aka sayi masara buhu uku, aka biya maganin hawan jinin kaka na wasu watanni. A daidai lokacin kuma kuɗin tallafin yara da CNPS, asusun fansho da tallafin ma'aikata na ƙasa, ke ba ma'aikata ya tsaya, tunda yana rataye ne da aikin albashi. An ɗaga shi daga sefa 2,800 zuwa 4,500 kan kowane yaro a 2024, 'ya'yan Kawu biyar ne ke cikin lissafi, wato 22,500 a wata, bai kuma daɗe da fara ganin ƙarin ba abin ya yanke. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage a hannunsa bai kai sefa 300,000 ba.

A nan ne tambayar da ta haifar da wannan nazari ta taso. Wata rana da yamma ya kira ni, tunda ni ne mai karanta takardun Faransanci a dangi, ya ce: "Ɗana, duba mini, gwamnati ba ta da wani abu da take ba wanda kayan waje suka kashe wa aiki?" Na ce masa: "Kawu, bari in bincika tukuna, kada in faɗa maka abin da ba shi ke nan ba." Amsar da na dawo da ita gajera ce. CNPS rassa uku yake da su: tallafin iyali, da fanshon tsufa da naƙasa da mutuwa, da diyyar haɗarin aiki. Babu inshorar rashin aiki a cikinsu. Akwai asusun samar da aikin yi na ƙasa, FNE, wanda aka kafa a 1990 kuma masu ɗaukar ma'aikata ke zuba masa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, aikinsa shi ne haɗa mai neman aiki da mai neman ma'aikaci, da horarwa, da tallafa wa ƙananan sana'o'i. Kawu ya je ofishinsu, an karɓe shi da mutunci, an rubuta sunansa, amma abin da ya je nema, wato ɗan kuɗin wata-wata da zai riƙe gida kafin ya miƙe, ba ya cikin abin da aka kafa asusun domin shi. Dokarmu, a taƙaice, tana biyan ma'aikaci ladan shekarun da suka wuce daga aljihun mai masana'anta, amma babu wata ƙofa da aka tanada wadda ke kallon gobensa, babu kuma inda aka bambanta wanda shigowar kayan waje ta raba da aikinsa.

Tambayar Kawu ba ta mahaukaci ba ce, domin akwai ƙasashen da suka yi irin wannan tanadi. Amurka ta kafa shirin da ake kira TAA a 1962, zamanin shugaba Kennedy, a cikin dokar da ta buɗe ƙofofin cinikinta, aka faɗaɗa shi a 1974. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce: idan an buɗe kasuwa, kowa yana cin moriyar araha kaɗan-kaɗan, amma asarar tana taruwa ne a kan mutane ƙalilan a garuruwa ƙalilan, saboda haka adalci ne masu cin riba su ɗauki wani ɓangare na nauyin. Yadda yake aiki a lokacin da yake karɓar koke shi ne, ma'aikata ko ƙungiyarsu ko kamfanin su shigar da koke ga ma'aikatar ƙwadago, ta bincika ko shigowar kayan waje na cikin manyan dalilan rufewar, idan ta tabbatar sai a biya musu kuɗin koyon sabuwar sana'a, a riƙa ba su kuɗin zama yayin da suke koyo, wanda a wasu lokuta ya kai mako 130, a kuma taimaka da kuɗin neman aiki da na ƙaura. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya sami aikin da bai kai na da albashi ba, ana cike masa rabin gibin har shekara biyu, iyakarsa dala 10,000. Tarayyar Turai ma ta kafa nata asusun a 2006.

Sai dai bai kamata a ɗauki shirin Amurkan nan kamar maganin a-sha-yanzu ba. Shekara bakwai na farko ba a amince da koken ma'aikata ko ɗaya ba, sai a 1969, saboda tsaurin sharuɗɗan tabbatarwa. Wani bincike da ma'aikatar ƙwadagonsu ta sa aka yi, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa a cikin shekaru huɗu na bibiya waɗanda suka shiga shirin ba su kamo takwarorinsu da ba su shiga ba wajen samun kuɗi, domin watannin da suka ɓata a aji wasu suna can suna aiki. Daga ƙarshe majalisarsu ba ta sabunta shi ba, ya daina karɓar sabon koke daga 1 ga Yulin 2022. Idan aka ɗauko shi aka dasa a Garwa kuwa, matsala ta farko ita ce shaida. Wa zai tabbatar da cewa kayan waje ne suka rufe masana'antar Kawu, alhali rabin kayan ba su shiga littafin kwastan ba, mai wurin kuma zai iya cewa wuta ce, wani ya ce tsadar zare ce, wani ya ce tsufan injuna? Dukansu kuma gaskiya suka faɗa.

Matsala ta biyu ta fi nauyi a zuciyata, kuma ban ɓoye wa Kawu ita ba duk da na san ba za ta yi masa daɗi ba. Kusan tara cikin goma na masu aiki a Kamaru ba su da takardar albashi. Telan da gwanjo ya kwashe wa masu kawo ɗinki, da marinin da shadda mai launi daga waje ta bar wa karofi a bushe, da masaƙin gargajiya, duk guguwa ɗaya ce ta kayar da su, amma babu wanda ya ba su shomaj ko kuɗin sallama. Shirin da zai zaɓi ma'aikacin masana'anta kaɗai zai ƙara wa mai ɗan abu ne ya tsallake wanda ba shi da komai. Duk da haka ban ga wannan a matsayin dalilin naɗe hannu ba, musamman ganin cewa gwamnati tana karɓar kwastan a kan tufafin da suka bi ta hanya, kuma ta sha zuba kuɗi don farfaɗo da masaƙarta. Taimakon yana zuwa ga gini da inji, amma mutumin da ya fito daga ginin da takarda a hannu ba ya cikin kasafin.

Wurin da Kawu ya kusa yin asara mafi girma ba kasuwa ba ne, fansho ne, kuma da ba don wani ma'aikacin CNPS da ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla ba, da sai dai a yi ihu bayan hari. Shi a tunaninsa, tunda ya zuba kuɗi shekara 18, sai ya jira ya cika 60 ya je ya karɓa. Sharuɗɗan kuwa sun fi haka: mutum ya yi shekara 20 da rajista, ya tara wata 180 na zubi, 60 daga cikinsu kuma su faɗo a cikin shekaru goman ƙarshe kafin ya nemi fanshon. Wanda ya daina aiki yana da 47 ya zauna har 60, shekarunsa goma na ƙarshe fayau suke, ko wata ɗaya babu. Mafitar ita ce dokar ta yarda a nemi fansho da wuri daga shekara 50, bisa waɗannan sharuɗɗan dai. A ranar da Kawu zai cika 50, rajistarsa ta kai shekara 21, kuma shekaru goman da ke bayansa suna ɗauke da shekara bakwai na aiki, wato wata 84.

Amma da aka fitar da takardar tarihin zubinsa, sai aka ga wata 14 babu su, duk a shekarun ƙarshe da masana'antar ke tangal-tangal, an yanke kason ma'aikaci daga albashi ba a kai ba. Jimillarsa ta sauko daga 216 zuwa 202, wadda har yanzu ta haura 180, amma 84 ɗin nan ta koma 70. Tunda kowane wata da ya wuce bayan cikarsa 50 yana zubar da wata ɗaya daga tsofaffin, ƙofar da za ta buɗe masa wata goma kacal za ta yi kafin ya faɗo ƙasa da 60. Abin da zai samu shi ne kashi 30 cikin 100 na matsakaicin albashinsa, da ƙarin kashi 1 kan kowace shekara da ta haura wata 180, wato kashi 31, kusan sefa 29,000 a wata idan an yi lissafi da cikakken albashi. Ba kuɗin a-zo-a-gani ba ne, amma na har ƙarshen rayuwa ne, kuma iyali suna da rabo a cikinsa bayan ransa. Abin da zai ba shi damar neman a gyara watanni 14 ɗin nan shi ne takardun albashinsa, waɗanda shi kansa ya ɗauka sun daɗe da zama abin kunna wuta. Ashe matarsa, wadda muke kira Inna, tana tara su tun na farko, ta naɗe a leda ta sa a cikin babbar langa da ke can ƙasan jerenta. Ba ta iya karanta su ba, amma ta ce takardar da ke zuwa tare da kuɗi ba a yar da ita. Da muka baje su a tabarma muna jerawa wata-wata, uku kawai suka ɓace a cikin shekara goma sha takwas.

Wannan ne ya sa nake ganin idan har za a yi wani abu a ƙasa irin tamu, ba daga babban shiri irin na Amurka ya kamata a fara ba, daga wannan gibin ya kamata. Tun 2014 akwai damar mutum ya riƙa zuba wa kansa kuɗin fansho ko ba ya aikin albashi, a kan kashi 8.4 cikin 100 na abin da ya bayyana yana samu. A kan albashin Kawu wannan ya kama sefa 7,980 a wata, shekara uku kuma 287,280, kuɗin da bai kai na sabon babur ba. Da a ce akwai tsarin da ke ɗaukar wannan zubi na 'yan shekaru a madadin ma'aikacin da aka sallama saboda matsin tattalin arziki, ba tare da an tsaya tantance ko Sin ce ta kayar da shi ko Lagdo ba, da mutum mai shekara 44 ko 45 ba zai ga zubinsa na shekaru yana neman subuce masa ba. Biyu daga cikin abokan aikin Kawu a wannan tsaka-mai-wuya suke: sun yi ƙanƙanta su kai 50 da isassun watanni, sun kuma manyanta ga masu ɗaukar sababbin ma'aikata.

Shi dai Kawu, acaɓa ya fara tunani, amma kuɗin bai kai ba, bayansa ma ba zai ɗauka ba, ga kunnensa na hagu da ƙarar injuna ta rage wa ji, abin da ke da haɗari a kan titi. Inna ce ta karɓi kwasar adashinta kafin lokacinta, bayan ta roƙi uwar adashi a yi mata musanya da wata, aka haɗa da abin da ya rage, wani ɗan uwa ya ba shi gefen rumfarsa a babbar kasuwa. Singileti yake sayarwa da tawul da safa, kuma mai ba shi kaya a kan sari ba kowa ba ne illa tsofaffin iyayen gidansa. Ranar kasuwa mai kyau yakan tashi da ribar sefa 3,000, ranar da ba ta yi ba ko kuɗin abincin rana ba ya fita, ran Lahadi kuma yakan ɗaure kaya ya tafi kasuwar Pitowa. Babbar 'yarsa ta dakata da karatu shekara ɗaya, ta koma bana.

Na zauna da shi a rumfar wata Asabar ina kallon yadda yake ciniki. Idan mai saye ya ɗauki singileti, sai Kawu ya karɓa ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗaga shi sama ya duba saƙar ta hasken rana, ya ce da ƙarfi, irin na wanda ya saba magana a cikin ƙara: "Alhaji, wannan roba ta yi masa yawa, wanki uku zai saki. Ga mai auduga nan, ƙarin sefa 300 ne." Mutum huɗu na ƙirga a zaman nan, uku suka yi godiya suka ɗauki mai robar. A ƙarƙashin teburin, cikin tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan bula da yake rufe kaya da ita, akwai fayil ɗin da muka haɗa: kwafin katin ɗan ƙasa, takardar shaidar aiki, yarjejeniyar da aka sa wa hannu gaban sufeto, da takardun albashi 213. An karɓi kokensa na gyaran watanni 14, an ba shi rasit. Saura wata goma sha huɗu ya cika 50.